Sai Ka San Aikin Mutum Kake Tsara Masa Takarda

Ɗana, 

Mahaifiyarka ta same ni hankali a tashe. Ta ce tun da ka gama bautar ƙasa ka manne wa kwamfuta, wai za ka riƙa sayar wa ma'aikata shafukan rubutu waɗanda babu komai a cikinsu sai layuka da gurabe, kuma ta rasa yadda mai hankali zai zaro kuɗinsa ya karɓi fanko. Na kwantar mata da hankali, na ce sana'a ce ta halal. Ita na gama da ita. Kai ne nake da sauran magana da kai, kuma na ga gara in rubuta, don ka samu abin komawa gare shi.

Wannan sana'a ta girme ka. Tun muna samari akwai masu tafireta a bakin kotu da ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, kowanne da shiryayyen fom na yarjejeniyar sayar da gona, da takardar rantsuwa, da takardar neman aiki. Suna da kwanan wata kawai ake cikewa, a biya, a wuce. Masu ɗab'i a Kano sun daɗe suna cin abinci da buga littafin rasit da rajistar aji da katin sakamakon jarrabawa. Abin da ya sauya shi ne takardar ta koma cikin waya, kuma kwafi na dubu ba ya cin tawada balle takarda. Nan ribar take, nan kuma matsalar take, domin abin da ba ya cin ko sisi wajen kwafa, kowa ma zai iya kwafarsa.

Na san labaran da suka ja hankalinka. Manhajar Notion, wadda ta fito a 2016, ta sanar a 2024 cewa masu amfani da ita sun kai miliyan 100, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsara shafuka a cikinta su sayar. Ana yawan kawo misalin Thomas Frank, Ba'amurken da ya bayyana cewa ya yi cinikin fiye da dala miliyan ɗaya a shekara guda da irin waɗannan samfura. Gaskiya ne. Amma masu ba da labarin sukan tsallake cewa mutumin ya shafe shekaru fiye da goma yana koyar da dabarun karatu da tsara aiki, kuma yana da mabiya sama da miliyan biyu a YouTube kafin ya sa wa samfurinsa kuɗi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Waɗanda suka saya sun riga sun yarda da shi, kuma mutane ne masu kwamfuta a gabansu, da wuta dare da rana, da katin banki mai biyan dala. Idan ka shiga wannan kasuwa da shafin tsara ayyukan mako irin wanda dubban mutane suka riga suka yi, babu mai waiwayarka. Ƙari a kan haka, tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, kowa na iya sa na'ura ta zana masa irin wannan shafi na gama-gari cikin daƙiƙu, kyauta.

To me ya rage maka? Abin da na'urar ba ta sani ba, wanda mai zaune a Amurka ma bai sani ba: yadda ake aiki a Rogo da Ƙaraye da makamantansu. Wannan shi ne jarinka, kuma shi ne gundarin abin da nake son ka riƙe. Mai saye ba layuka yake biya ba. Yana biyan sanin da ka yi wa wahalarsa.

Dubi shahararrun tsare-tsaren rubutu na duniya, za ka ga daga cikin aikin suka fito. Tsarin da likitoci da ma'aikatan jinya ke bi wajen rubuta bayanin majiyyaci, a fara da abin da ya faɗa da bakinsa, sai abin da aka gani a gwaji, sai abin da ake zaton yana damunsa, sai matakin da za a ɗauka, wani likita ne, Lawrence Weed, ya tsara shi a shekarun 1960, bayan ya ga yadda bayanai ke watsewa a fayil ɗin asibiti. Tsarin Cornell na rubuta darasi, mai raba shafi gida uku, Walter Pauk ne ya fito da shi a shekarun 1950, shi kuwa aikinsa ke nan, koya wa ɗaliban jami'a yadda ake karatu. Tela ba ya sa almakashi sai ya auna mai riga.

Bari in ba ka misali da aikin da na tsufa a cikinsa. Babu makon da malamin firamare ya fi tsana kamar makon haɗa sakamako. Aji mai yara tamanin ko fiye, darussa kusan goma, kowane yaro da makin gwajin zango da na jarrabawa. A tara, a fitar da matsakaici, a jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan a kwafe a katin kowane yaro da hannu. Na sha ganin malamai sun kai tsakar dare a kan wannan, da fitila da kalkuleta, washegari uba ya zo da ƙorafin an ci wa ɗansa maki goma. Shafin Excel ko Google Sheets da zai tara, ya jera, ya fitar da katin kowane yaro a shirye don bugawa, wannan kaya ne na kuɗi. Sai dai wanda bai shiga aji ba zai yi shi ba daidai ba. Ba zai san wata makarantar 40 da 60 take raba maki ba, wata kuwa 30 da 70, don haka dole a bar wa hedimasta damar sauya wannan da kansa. Ba zai san a aji ɗaya ana samun yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba, don haka ba makawa sai da gurbin lambar shiga makaranta da na unguwa. Ba zai tanadi abin da za a yi da yaron da bai zauna jarrabawa ba saboda an tafi da shi gona ko ya yi zazzaɓi, wanda in aka sa masa sifili ya faɗi, in aka bar gurbin fanko lissafi ya rikice. Ba zai yi tunanin yara biyu da suka yi kunnen doki a matsayi na uku ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba samfurin da za a yi aiki da shi da wanda za a buɗe sau ɗaya a manta.

Haka abin yake a kowane fanni. Malamin Islamiyya yana son sanin inda kowane ɗalibi ya tsaya a hadda cikin izu sittin, da ranar da aka yi masa tilawar baya, da wanda bai biya kuɗin wata ba. Ka duba duk kasuwannin intanet, da wuya ka ga wanda ya tsara wannan da Hausa yadda malamanmu ke yi. Dillalin hatsi mai ɗaukar kaya daga kasuwanninmu zuwa Dawanau lissafinsa na buhu ne da kwano, da la'ada, da kuɗin dako, da kuɗin mota, da bashin da ya bayar tun damina. Uwar adashi tana son ta ga wanda ya zuba, da wanda ya kwasa, da wanda ke bi. Sakataren ƙungiyar manoman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa yana bukatar tsarin rubuta bayanan taro da rajistar mambobi da kuɗin ƙa'ida, domin duk mai son ba ƙungiya tallafi ko rance takardunta yake fara tambaya. Malamin gona yana da rahoton ziyarar gonaki. Duk waɗannan ma'aikata ne, ko da ba sa sa kwat.

Kada ka ce za ka yi wa dukansu. Zaɓi ɗaya, ka je ka zauna da shi mako guda yana aikinsa. Kada ka tambaye shi irin samfurin da yake so, domin bai taɓa tunanin haka ba, zai ce maka komai ma ya yi. Roƙe shi ya nuna maka littafin da yake rubutu a ciki. Dubi inda ya ja layi da hannunsa ya ƙara gurbin da ba a buga ba, da inda yake yawan gogewa, da shafin da ya fi datti saboda yawan buɗewa. Tambaye shi wane ne ke zuwa duba littafin, kuma me yake fara nema. Gani ya kori ji. Idan ka gama tsarawa, ba mutum uku su yi aiki da shi kyauta tsawon zango ɗaya, ka zauna kusa da su ka yi shiru. Duk inda ka ga yatsan mutum ya tsaya yana neman inda zai taɓa, laifin samfurin ne, koma ka gyara.

Sannan ka tuna da abin da ke hannun mai sayenka. Waya ce, sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi, wadda ake kai wa mai caji. Sabis a ƙauyukanmu irin su Zarewa ko Fulatan ko Beli ba irin na Zoo Road a Kano ba ne, kuma tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafin datarsa yake yi. Don haka samfurinka ya buɗe a waya, ya yi aiki ko babu sabis, kada ya yi nauyi da hotuna da ado. Ya zama in an kai shi shagon kwamfuta an buga baƙi da fari a farar takarda zai fito tsaf, domin sufeto takarda yake son gani da sa hannu. Kulle guraben lissafi don kada yatsa ya goge su bisa kuskure. Idan da Hausa ka rubuta, zaɓi salon haruffan da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ, ka gwada a waya uku daban-daban, kada su koma akwatuna. Inda ya dace, sa kwanan watan Hijira kusa da na Miladiyya. Kuma ka haɗa kowane samfuri da ɗan bidiyo ko saƙon murya na minti biyu da Hausa, domin mutanenmu sun fi saurare a kan karanta doguwar takardar bayani.

Yanzu maganar kuɗi. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Da wannan ma'auni za ka auna aljihun ƙaramin ma'aikaci kafin ka yanka farashi. Kuma ka sa a ranka tun yau cewa duk fayil ɗin da ka sayar wa malami ɗaya, kafin la'asar ya shiga zauren WhatsApp na malaman gundumar. Ba don mugunta ba. A wurinsa taimakon ɗan'uwa ya yi. Kada ka ɓata ranka, kada ka shiga zagi ko barazanar kotu da mutanen da gobe za ka gamu da su a wurin suna ko jana'iza. Tsara cinikinka yadda wannan ba zai karya ka ba. Sayar wa makaranta gaba ɗaya maimakon malami ɗaya: ka sa mata sunanta da tambarinta da darussanta, ka zo ka koya wa malamai da kanka, in wani abu ya rikice a makon jarrabawa su kira ka ka ɗauka, in an sauya manhajar karatu ka sabunta. Fayil ana tura shi, amma wannan hidimar ba ta turuwa. Yi lissafi da kanka: in makarantu goma suka yarda su biya ka naira 10,000 kowane zango, naira 300,000 ke nan a shekara, daga mutum goma da ka san fuskokinsu. Kafin ka tara haka da samfurin naira 1,000, sai ka samo baƙi 300. Shi kuwa ƙaramin samfurin, bar shi ya yi yawo kyauta da lambar wayarka a ƙasansa, ya zama tallarka.

Karɓar kuɗi ta yi sauƙi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har tsofaffin ƙauye sun san tiransifa, kuma masu POS sun cika kasuwanni. Na kusa su tura maka kai tsaye. Na nesa, irin malaman Katsina da Zariya da Sakkwato waɗanda aikinsu ɗaya ne da na namu, akwai Selar, dandalin da Douglas Kendyson ya kafa a Najeriya a 2016, inda mutum ke biya da naira, fayil ya isa gare shi ko kana barci. Gumroad na waje yana cire aƙalla kashi 10 cikin 100 na kowane ciniki, kuma masu sayenka ba can suke ba. Abu ɗaya: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunka ka ga shigarsu kafin ka saki kaya.

Sai amana, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Da farko, kada ka ɗauko aikin wani ka sauya masa launi ka ce naka ne. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ke intanet, kuma tun 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Koyo daga aikin wani daban, ɗauka daban. Kai da za ka ji zafi in an yi maka, kada ka yi wa wani.

Na biyu, sirrin mutane. Fanko kake sayarwa, kada ka yarda cikakke ya zauna a hannunka. Idan ka tura wa masu saye mahaɗin shafinka na asali maimakon kowa ya samu kwafinsa, sai makin 'ya'yan wata makaranta ko bashin wani dillali ya bayyana a wayar kowa. Idan wani ya turo maka nasa don gyara, gyara ka goge. A fannin lafiya ka ninka taka-tsantsan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majiyyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman. A gari irin namu, in sunan mace ɗaya da cutarta suka fita, aure na iya mutuwa. Rajistocin da hukuma ke raba wa asibitoci kuwa ba naka ba ne, kada ka kwafe su ka sayar. In za ka taimaki ma'aikacin lafiya, tsaya a abin da ba ya ɗauke da sunan kowa, kamar jadawalin aiki ko lissafin magani a sito.

Na uku zai zo maka da fuskar ciniki mai tsoka. Wani malami zai ce ka sayar masa da shirin darasi cikakke na zango guda, ya miƙa wa hedimasta ya sa hannu, shi kuwa bai karanta ko layi ba. Akwai masu wannan sana'ar, kuma suna samun kuɗi. Ni da na shekara da shekaru ina sa hannu a littattafan malamai, ina gaya maka yaran aji ne ke biyan wannan kuɗin. Ba shi tsarin da zai sauƙaƙa masa shiri, da misali ɗaya cikakke don ya ga yadda ake yi, sauran ya yi da kansa. Wani kuma zai ce ka yi masa katin sakamako da tambarin makarantar da ba tasa ba, ko rasit na shagon da babu shi. Wannan jabu ne, ka sallame shi da girma. Kuma duk abin da samfurinka ba ya iya yi, faɗa kafin a biya, kamar yadda aka umarci mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa.

Ka yi hattara da masu sayar da kwas na yadda za ka zama miloniya da waya cikin wata guda. Da yawansu daga kuɗin kwas ɗin suke ci, ba daga sana'ar da suke koyarwa ba. Mun ga abin da tsarin zuba kuɗi na MMM ya yi wa mutane a 2016, mun ga na CBEX a 2025, kuma dukansu da kalma ɗaya aka kama su: kuɗi ba wahala. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da kake bukata na Excel da Google Sheets yana nan kyauta ga mai haƙurin koyo. Kada ka ci bashi don wannan sana'a, kada ka sayar da gona ko dabba dominta, kuma kada ka daina neman aiki ko wata sana'ar hannu saboda ita. Ba ta shekarar karatu guda, zango uku. Ma'auninka ba yawan masu yabo a Facebook ba ne. Duba mutum nawa ne suka biya a zangon farko suka dawo da kansu a na biyu. In sun dawo, ka samu sana'a, sai ka faɗaɗa. In ba su dawo ba, je ka tambaye su dalili ba tare da jin haushi ba.

Kai ma ka riƙe littafinka. Abin kunya ne mai sayar wa mutane tsarin rubutu a tambaye shi ribarsa ta wata ya kama soshe-soshen ƙeya. Rubuta kuɗin data da na caji da na mota zuwa makarantu, da wanda ya biya da wanda ya ce sai an yi albashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutawa ba rashin yarda ba ne.

Ga abin da nake so ka yi. Ka taho gida mako guda kafin a rufe makarantu, lokacin da ake haɗa sakamako. Zan haɗa ka da wani hedimasta cikin waɗanda na koyar, da wani malamin Islamiyya, ka zauna da kowannensu kwana uku. Ka zo da littafi da biro, ka gaishe su da ladabi, ka taya su tara maki da hannunka kafin ka ambaci sayar da komai. Bayan nan sai ka zaɓi wanda za ka fara yi wa aiki.

Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ka daga haram, Ya haɗa ka da abokan ciniki masu amana, Ya sa kai ma ka zama mai amana a gare su.

Kawunka,
Ruwan Bago